Hajiya ta ƙi yarda nas namiji ya gyara ta

Malam, ka ce Hajiyarku tana kwance a asibiti da shanyewar ɓarin jiki, ta ƙi yarda nas namiji ya wanke ta, ku lallashe ta ko ku nemi mace? Ku nemi mace, kar ku tilasta mata. Ka samu babbar nas mai kula da ɗakin ka gaya mata cikin ladabi, sun saba jin irin wannan. In ranar ba mace a bakin aiki to a ja labule, ƙanwarka ko maiɗakinka ta tsaya kusa da ita, a buɗe iya wurin da za a wanke, sauran jiki a rufe da zane.

Amma fa sharaɗi ɗaya, kar jiran mace ya sa a bar ta a jiƙe ko a gefe guda, mai irin wannan ciwon ana juya shi kamar duk awa 2 ne saboda gyambon kwanciya. Ni na yi jinyar kakata a gidanmu nan Tudun Wada, wallahi baiwar Allahn nan ta gwammace ta kwana cikin fitsari da ta faɗa wa namiji, sai da yayata ta ga fatar ƙugunta ta sauya launi muka gane, daga nan muka raba kwana tsakanin mata, kullum da asuba kafin a yi mata alwala a duba ƙugu da duwawu da diddige, a shanya katifar in ta jiƙe. Allah ya ba Hajiya lafiya.