Amsoshin Tambayoyinku: Agwagwa Ta Hau Kwanci, Me Za a Saya, Me Za a Bari?

Tun da ruwa ya sauka, saƙonnin da ke shigo mini suka koma na agwagi kusan duka. Ba abin mamaki ba ne, damina ce lokacin da suka fi zuba ƙwai, ga ɗanyar ciyawa ga ƙwari ga kududdufi a kowane lungu. Na zaɓo shida. Masu tambayar farashin rago su yi haƙuri sai wani makon.

Wata yarinya daga Bunza ta rubuto: "Baba, agwagwata ta kwana 30 cur a kan ƙwai 13, ko ɗaya bai fashe ba. Maƙwabciyarmu ta ce baragurbi ne, in kwashe in zubar kafin su yi wari. Da kuɗin adashena na saye ta, kuma ita kaɗai gare ni."

Kwantar da hankalinki, 'yata, kada ki taɓa ƙwan nan. Maƙwabciyarku da lissafin kaza take yi. Kaza kwana 21 take yi ta ƙyanƙyashe, zabuwa 26 zuwa 28, amma agwagwarmu ta gida, mai jan tsiro a fuska wadda ba ta da kuka sai huci, kwana 35 take ɗauka. Asalinta daga Kudancin Amurka da Meziko take, kuma jinsinta daban ne da fararen agwagin nan masu kwakwazo da ke yin kwana 28. Ki kuma lura, ana fara ƙirga ne daga ranar da ta zauna daram ta daina yawo, ba daga ranar da ta yi ƙwan farko ba. Ke nan kina da sauran kwana biyar, wataƙila bakwai.

In zuciyarki ta ƙi kwanciya, ki jira lokacin da ta sauka cin abinci, ki ɗauki ƙwai ɗaya ki shiga ɗaki mai duhu, ki ɗora fitilar waya a gefensa mai faɗi. Mai ɗa a wannan lokaci zai yi duhu ɗif, sai wani fili mai haske a sama inda iska take. Wanda haske ya ratsa shi tas, ko kika ji ruwa na kaɗawa a ciki, shi ne baragurbi, ki cire shi a hankali kada ya fashe ya ɓata sauran. Idan sun fara tsaga ɓawo kada ki ce za ki taya su ɓarewa. Ɗan agwagwa yakan yi kwana ɗaya har biyu daga tsagawa zuwa fitowa, kuma masu ɓare musu don tausayi jini suke jawo musu. Ki ajiye mata ruwa a daro kusa da ita. Wankan da take yi ta koma da danshi a jiki yana daga cikin abin da ke sa ɓawon ya yi sauƙin fasawa. Allah Ya sa albarka, ki aiko mini da labari ranar da suka fito.

Wani ma'aikaci daga Birnin Kebbi yana da agwagi mata huɗu, ya ga tallar injin ƙyanƙyasa mai cin ƙwai 60 a Facebook, yana tambaya ko ya saya.

A'a. Injin yana son zafi ya tsaya wajen digiri 37 da rabi, dare da rana, har mako biyar, ga juya ƙwai, ga kula da danshi. Kai da kanka ka san yadda wuta take a unguwarku. Sai ka haɗa da sola da batir, kuɗin ya ninka na agwagin sau nawa? Ga shi kuma ƙwan agwagwar gida ya fi na kaza wuyar sha'ani a inji. Kowace uwa a cikin huɗun nan za ta rufe ƙwai 12 zuwa 15 ba tare da ka biya ta ko sisi ba. Ka samo fasasshiyar randa ko tsohuwar taya, ka zuba busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, ka ɗora a tudu inda ruwan sama ba ya bi, cikin inuwa. Kowace da nata gurbin, don in biyu suka haɗu a gurbi ɗaya sai sabon ƙwai ya cakuɗe da tsoho. Ka yi wa waɗanda aka fara kwanci da su alama da fensir. Ragowar kuɗin ka sayi ragar waya ka kewaye wurin saboda gafiya da guza da muzuru.

Yanzu ga wadda ta sa na ajiye biro na yi tagumi. Wata Hajiya daga Jega ta ce ta sayo wani garin magani a ƙullin leda ranar kasuwa, mai tallar ya ce yana ƙara ƙwai, yana hana baragurbi, yana kashe tsutsar ciki. Ta haɗa da kafso ja da rawaya tana warwarewa a ruwan shansu. Da ta ga ƙananan ƙwari a gurbin kuma sai ta yayyafa fiya-fiya. Yanzu uwar ta gudu ta bar ƙwan, 'ya'yan ɗaya agwagwar kuma suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Tana tambaya wane magani za ta ƙara saya.

Hajiya, don girman Allah kada ki ƙara sayen komai. Maganin ne ya kai ki nan.

Bari in fara da fiya-fiya. Guba ce ta feshin gona, ta numfashi ma tana shiga jiki, balle ta fata. Ɓawon ƙwai kuwa cike yake da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, ta nan ɗan da ke ciki yake shan iska. Kin zuba guba inda uwa ke kwana da ƙirjinta, me zai zaunar da ita? Ke kanki da jikokinki da ke shiga wurin ba ku tsira ba. Ƙwarin gurbi tun kafin kwanci ake maganinsu: a ƙone tsohuwar shimfiɗa, a barbaɗa toka a ƙasa, a sa sabuwar ciyawa da busasshen ganyen darbejiya.

Sai garin ledar nan. Ba suna, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa, ba ma'auni. Mutum ya tsaya da lasifika yana cewa ƙulli ɗaya na maganin cuta bakwai, mu kuma mu miƙa kuɗi. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ke ba ni haushi shi ne, mutumin da zai yi rabin sa'a yana ciniki a kan kwanon dusa, shi ne zai ba mai lasifika kuɗin kwano uku ko tayi bai yi ba. Babu garin da ke hana baragurbi. Abin da ke kawo shi sananne ne: babu toro, ko toro ɗaya ga mata fiye da kima, ko ƙwan ya daɗe a ajiye ya wuce mako guda zuwa kwana goma kafin a hau shi, ko an wanke shi da ruwa, ko zafin bazara irin namu da ke haura digiri 40 ya gasa shi a ƙarƙashin kwano. Toro ɗaya ga mata huɗu zuwa biyar ya isa. Wanne ne a cikin waɗannan ƙullin leda zai gyara?

Kafson mutane kuma, ana ɗura wa dabba mai lafiya ba ciwo ba awo, sai ƙwayoyin cuta su saba da shi, ranar da ake buƙatarsa ya ƙi ci. Ragowarsa na zama a ƙwai da nama, mu ne kuma masu ci. Haka masu yawo da kwalaben rigakafi a aljihu cikin rana tsaka. Allurar rigakafi in ta bar sanyi ta mutu, ko da daga cibiyar binciken dabbobi ta Vom ta fito da lafiyarta. In ana son rigakafi, a je asibitin dabbobi ko shagon da aka ga firij ɗinsa na aiki.

Mutuwar 'ya'yan kuwa, ina zargin abinci. Ki shinshina dusar da garin ƙuli-ƙulin da kike ba su. In kin ji warin fumfuna ko kin ga ya dunƙule ya yi kore-kore, ki haƙa rami ki binne. Fumfunar gyaɗa da masara tana fitar da wata guba mai cin hanta, kuma a duk tsuntsayen gida 'ya'yan agwagwa na cikin waɗanda ta fi saurin kashewa. A 1960 ta kashe talo-talo kusan dubu 100 a Ingila ta hanyar tunkuzar gyaɗa, daga nan ne ma aka gano ta. Ni kaina na taɓa faɗawa. Na ga garin ƙuli-ƙuli da araha a hannun wani mutum a tasha, na kwaso rabin buhu ina murna, cikin mako biyu 'ya'ya 11 suka koma uku. Araha ba ta ado.

Tun da mun zo kan dusa, mutanen Kebbi ku buɗe ido. Allah Ya hore mana shinkafa, amma akwai masu niƙa ɓuntu su gauraya su sayar a matsayin dusa. Dusar gaske tana da laushi da ɗan maiƙo in ka murza, ta ɓuntu kuwa tana da kaushi tana soke yatsa, kuma ba ta ƙara wa dabba komai sai cika ciki. Saboda maiƙon nan ne ma dusar shinkafa ba ta jimirin ajiya a damina. Ku sayi ta mako biyu, kada ku tara ta wata uku. Uwa mai yin ƙwai tana son dawa ko masara, da dusa mai kyau, da ɗan waken suya gasasshe ko garin kifi, da ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka don ƙarfin ɓawo. 'Ya'ya kuma abincin 'yan tsaki za a ba su, a ɗan jiƙa shi daidai wanda za su cinye a take, da yankakken ganye. Kada a ba su abincin kaji masu ƙwai, sinadarin ƙashin da ke ciki ya yi musu yawa. In kin gyara duk wannan mutuwar ba ta tsaya ba, Hajiya, ki ɗauki gawar ɗaya a leda ki kai wa likitan dabbobi ya buɗe ya gani.

Wani matashi daga Kaura Namoda ya sayi farin toro na turawa da tsada, wai zai haɗa da na gida ya sami iri mai girma ya riƙa sayarwa.

Ƙanena, da ka tambaya kafin ka biya. Za su iya haɗuwa, 'ya'yan su yi nama da saurin girma, amma kamar alfadari suke, ba sa haihuwa. Ƙwai da yawa ma ba za su yi ɗa ba. In nama kake so, to. In iri kake so, ka nemo masa mata jinsinsa, ka kuma san su ba su cika kwanci ba, sai ka sa wa ta gida ƙwansu.

Daga yankin Anka wani dattijo ya ce agwaginsa na zuwa wani tafki da ake wankin ƙasar zinariya a gefensa, biyu sun fara tangaɗi suna jan fiffike. Ko ya sayar da sauran tun da wuri?

Baba, wannan ta wuce maganar agwagwa. A 2010, kafin a gane cewa gubar dalmar da ke cikin ƙasar zinariya ce ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Bagega da 'Yargalma, mutane sun lura agwagi na ɓacewa daga tafkuna, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Yara fiye da 400 suka rasu. Ka tsare agwagin a gida ka ba su ruwan rijiya. Kada a ci ƙwansu ko namansu, kada kuma ka kai wa wani bawan Allah a kasuwa. Abin da ya fi gaggawa, a hana yara zuwa tafkin, a kai su asibiti a gwada jininsu, a sanar da mai gari da ma'aikatan lafiya. Akwai kuma murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya a watan Fabrairun 2006 a jihar Kaduna. Agwagwa na iya ɗauko ta daga tsuntsayen ruwa na daji ta yi ta yawo garau tana rarraba wa kaji. Ko wacce ce a cikin biyun, likitan dabbobi ne zai bambance, kada a taɓa matacciya da hannu tsirara. Allah Ya tsare mana zuri'a.

Na ƙarshe ko garinsa bai faɗa ba. Toronsa ya kashe 'ya'ya biyu, uku kuma sun nutse a bahon wanki, yana tambaya ko sammu ne.

Malam, ba sammu ba ne, sakaci ne. Ka raba toron da su har su yi wata guda. Ruwan shansu ka zuba a faranti marar zurfi ka jera tsakuwa a ciki, yadda za su tsoma baki ba jiki ba. Bahon kuma a kife shi in an gama wanki.