Maƙoƙo, gwajin jini da mai lasifikar tasha

Wasiƙun makon nan sun taru a kan tayirod, ɗan naman nan mai siffar malam-buɗe-littafi da ke gaban wuya, wanda idan ya kumbura muke cewa maƙoƙo.

Wata uwa daga Argungu ta ce: "Shekara biyu ke nan ina jin sanyi ko a watan Afirilu, gashina na zuba, ga ƙiba alhali ba na cin abin kirki. An ɗebi jinina, likita ya ce Hashimoto ce, wai zan sha magani har ƙarshen rayuwa. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ko kansa ce ake ɓoye mini?"

Kwantar da hankalinki, 'yar uwa, ba kansa ba ce. Sunan ne ya firgita ki, alhali sunan likitan Japan ne da ya fara bayanin ciwon a 1912. Garkuwar jikinki ce, wadda aikinta yaƙar cuta, ta yi kuskure ta juya kan tayirod ɗinki tana cinsa a hankali, har ya kasa samar da isasshen sinadarin da ke hura wutar jiki. Sanyin da kasalar da zubar gashin duk daga nan suke. Mata ya fi kamawa, kuma yakan bi dangi, saboda haka ki cire zargin kishiya daga ranki.

Ƙwayar da aka rubuta miki, levothyroxine, irin sinadarin da jikinki ya gaza samarwa ce, ciko kawai take yi. Ki sha ta da ruwa zalla kina tashi sallar asuba, cikinki babu komai, ki jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin koko ko shayi. Idan kina shan maganin ƙarin jini, ko na ƙarfin ƙashi, ko farin ruwan nan na gyambon ciki, ki sa awa huɗu a tsakani, don suna tare ta a hanji. Kada ki sa ran sauƙi a kwana uku, sai an yi makonni. Ranar da kuma kika ga alamar ciki, ki ci gaba da sha, ki garzaya asibiti, don galibi ƙara adadin ake yi. Ƙwaƙwalwar jariri na bukatar sinadarin tun watannin farko.

Wani malamin makaranta daga Gusau ya ce wani ɗakin gwaji ya jera masa gwaje-gwaje bakwai a takarda, kuɗinsu ya kusa rabin albashinsa. Dole ne duka?

A'a, Malam. Ginshiƙin shi ne TSH, sai T4, wato awon sinadarin da tayirod ke samarwa, idan likita ya nema. TSH saƙo ne daga wani ɗan nama a ƙasan ƙwaƙwalwa zuwa ga tayirod, kuma a juye ake karanta shi: idan ya hau, tayirod ya yi rauni, idan ya faɗi ƙasa sosai, aikin ya yi yawa. Gwajin anti-TPO, mai nuna cewa garkuwar jiki ce sila, sau ɗaya ya isa. Bayan an canza adadin magani a jira mako 6 zuwa 8 kafin a sake gwaji, idan an daidaita kuma sau ɗaya ko biyu a shekara. Ka tsaya wa ɗakin gwaji guda, ka sayi littafin rubutu ka riƙa shigar da kwanan wata da sakamako da adadin ƙwaya. Mata masu shan biotin don gyaran gashi, ku dakata kwana biyu zuwa uku kafin a ɗebi jini, yana ruɗa na'urar.

Sai wasiƙar da ta sa na ajiye alƙalami na sha ruwa. Wani magidanci daga Jega ya ce matarsa na da ciwon Graves, mai sa tayirod aiki fiye da kima: ramewa, bugun zuciya, rawar hannu, idanu sun firfito. Wata huɗu tana shan carbimazole, kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi ya ishe shi. Ran kasuwa wani mai magani ya ce kwalba uku za su narkar da maƙoƙon. Ya saya ya huta?

Alhaji, na san nauyin da ke kanka, amma kada ka saya. Na taɓa tsayawa a wata tasha ina jiran mota ta cika, na kalli irin mutumin nan kusan awa guda. Tsohuwar mota, lasifika a saman rufi, jarkoki uku na wani jan ruwa suna shan rana a but, ga hotunan mata masu maƙoƙo an liƙe su a leda. A gabana ya ɗura wa wani dattijo na basir, ya ɗura wa wani saurayi na ƙarfin maza, ya ɗura wa wata mata na wuya, duk daga jarka ɗaya da mazurari ɗaya. Bai tambayi matar ko tayirod ɗinta sama ya yi ko ƙasa ba, alhali maganin wannan guba ne ga wancan. Ta kwance bakin zane ta biya tana godiya. Mako mai zuwa yana wata kasuwar, idan zuciyarta ta rikice wa za ta kama?

Ciwon matarka ma garkuwar jiki ce, sai dai ita tana zuga tayirod ne ya yi aiki fiye da kima. Carbimazole birki ne, ana shan sa kamar wata 12 zuwa 18, ana rage adadi bisa gwajin jini. Idan aka yanke shi a tsakiya, ciwon ya dawo da ƙarfi, yana iya taɓa zuciya, wani lokaci ya zo da zazzaɓi mai zafi da ruɗewa har a rasa rai. Arha ba ta ado, Alhaji. Haka batun wanzami: tsaga ko ƙaho a kan maƙoƙo ba su fitar da komai sai jini, ga manyan jijiyoyi a wurin.

Tunda na fara, bari in ƙarasa, don ko maganin asibitin ma mukan lalata shi wurin saye. Mutum ya je kemis, a ɗauko almakashi a yanko masa ƙwaya goma daga kati, an datse wurin da ranar lalacewa take, ya karɓa ya tafi. Wani a ƙirgo masa a tsirara a naɗe a takarda. Shagon kuwa rufin kwano ne, a garin da zafi ke wuce maki 40 a bazara, alhali levothyroxine ba ta son zafi, ba ta son laima, ba ta son haske. Sai gwaji ya ƙi daidaita, a yi ta ƙara adadi ana zagin likita. Ku saya a kantin asibiti ko wurin mai lasisin harhaɗa magunguna, a kwalinta. Ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ku duba ƙarfinta, don 25 da 50 da 100 ba ɗaya ba ne ko da girmansu ya yi kama. Idan aka canza muku kamfani, ku gaya wa likita. A gida kuma a ɗakin da ya fi sanyi, ba saman taga ba, ba aljihun mota ba.

Alhaji, abu ɗaya ka riƙe da kyau game da maganin matarka. Idan mai shan carbimazole ta tashi da zazzaɓi, ciwon maƙogwaro ko gyambon baki, kada a ce maleriya ce a sayo ƙwaya. A dakatar da maganin, a kai ta asibiti ranar a ƙirga fararen ƙwayoyin jininta. Ba kasafai yake faruwa ba, amma idan ya faru ba ya jira. Batun ɗaukar ciki ma a tattauna da likita tukuna. Kuɗin motar kuwa, ka roƙi a haɗa muku ranar gwaji da ranar ganin likita.

Wata budurwa daga Birnin Kebbi ta ce bikinta saura wata biyu, ƙawarta ta ce ƙwayar tayirod na rage tumbi. Ta ɗauki ta yayarta?

Lafiyayyen jiki za ki ɗora wa bugun zuciya da rashin barci da raunin ƙashi don ɗinkin biki? Ki bar wa yayarki maganinta, ki kai wa tela ya buɗa rigar.

Daga Talata Mafara wata Hajiya mai Hashimoto ta ce an hana ta fura, kabeji, rogo da alkama, kuma an tallata mata ƙwayar ciyawar teku ta ƙasar waje. Me ya rage ta ci? Yaya kuma za ta yi da azumi?

Hajiya, ki ci abincinki. Gaskiya ne gero da rogo da ɗanyen kabeji na da sinadarai masu takura tayirod, amma illarsu ta fi fitowa inda babu isasshen aidin a abinci, kuma dafawa da jiƙa rogo yadda ya kamata na rage su. Alkama ba ta da laifi sai ga wadda aka tabbatar hanjinta ba ya ɗauka. Awara da nono lokaci kawai suke so, kada su haɗu da ƙwaya da sassafe. Gishiri ki sayi na leda mai aidin, ki rufe shi, ba na buhun da ya wuni buɗe a rana ba. Ciyawar tekun nan kuwa ki bar musu kayansu, aidin ɗin da ke ciki ya yi yawa, yana iya ƙara dagula ciwon.

Azumi ba ya hana maganin. Ko ki tashi da wuri ki sha, ki ba da rabin awa zuwa awa ɗaya kafin sahur, ko ki sha lokacin kwanciya bayan tarawihi, muddin an yi awa uku da cin abinci. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai duk watan, bayan sallah da 'yan makonni ki je a duba TSH.