Ku Tambayi Mai Hoto: Ƙaramar Kyamara a Titunan Legas

Assalamu alaikum jama'a. Wasiƙun wannan karon sun karkata ga ɗaukar hoton titi, sai na tsamo huɗu daga ciki. Masu tambayar hasken hoton biki su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina gyaran waya a Ikeja, ina kwana a Agege. Na daɗe ina ɗaukar mutane a hanya da wayata, yanzu na tara 'yan kuɗi ina son ƙaramar kyamara wadda zan riƙa shiga danfo da ita. Abokaina sun rabu biyu, wasu sun ce Fujifilm X100, wasu Ricoh GR. Wacce zan saya? Daga wani matashi, Agege.

AMSA: Ƙanena, da ka ce ƙarama ka riga ka gama rabin zaɓen. Duk wanda ya taɓa rataya ƙatuwar kyamara mai dogon hanci ya ratsa Oshodi ya san abin da nake faɗa. Kafin ka ɗaga ta an gan ka, mai talla ta juya baya, 'yan tasha sun taso suna tambayar gidan talabijin ɗin da ya aiko ka da abin da za ka ajiye musu.

Waɗannan biyun dangi ne. Kowacce tana da sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikinta, irin wadda ake kira APS-C, wadda ta fi ta wayarka girma nesa ba kusa ba, kuma lensin kowacce a manne yake, ba ya cirewa, ba ya janyo nesa kusa. Ƙafarka ce za ta yi wannan aikin.

Ricoh GR III ta fito a 2019. Nauyinta giram 257 har da batir, tana shiga aljihun kaftani ba wanda ya sani. Faɗin ganinta 28 ne a lissafin masu hoto, inda ƙaramar lamba ta fi kwaso faɗi, akwai kuma ƙanwarta GR IIIx ta 2021 mai 40. Aibinta uku ne, kuma duka ukun suna cizo a garin nan. Ba ta da tagar leƙe, sai allon baya, wanda da tsakar rana da ƙyar za ka ga abin da ke kansa. Batirinta hoto 200 kamfanin ya ƙiyasta masa, don haka sai ka riƙe na biyu, ka ma san halin wutarmu. Sannan ba a toshe ta daga ruwa da ƙura ba, ga shi lensinta yana fitowa yana komawa duk lokacin da ka kunna. In ƙura ta shige ciki, ba kai za ka fitar da ita ba.

Fujifilm X100V ta 2020 ta fi ta jiki, giram 478, kusan ninki biyu ke nan. Faɗinta 35, ƙofar haskenta tana buɗewa sosai har f/2 (ƙaramar lambar f ita ce babbar ƙofa), tana da tagar leƙe mai kyau, kuma in ka ɗaura mata zobe da filta a gaba tana jure yayyafi. Matsalarta kuɗi. Dala 1,399 aka sa mata da ta fito, sai matasa suka yi mata ca a TikTok har ta hannu ta riƙa fin sabuwa tsada. Wadda ta gaje ta, X100VI ta 2024, a dala 1,599 ta fito, ita kuwa GR III da dala 899 ta fara. Ka buga wannan da canjin yau ka ji. In dai Fujifilm ranka ke so, nemi X100F ta 2017, ba mai duba hotonka ya ce ya raina ta. Ka ɗauki baƙa. Mai ruwan azurfar tana da kyau, amma kyan nata ido yake ja.

Ni dai a wurinka Ricoh zan ɗauka, mai 28. Dalilina cunkoso ne. A Idumota ko Balogun ba ka da wurin ja da baya, bayanka kwata ce ko mai baro yana ihu a ba shi hanya. Faffaɗan lensi shi ke haɗa maka mai shago da kayansa da danfon da ke wucewa a hoto guda alhali kana tsaye a gabansa. Sai dai yana da sharaɗi: in ba ka matsa kusa da mutum kamar taku biyu ko uku ba, kowa zai fito ƙanƙane, hoton ya zama na taro ba na kowa ba. Ga gwajin da ba ya cin kuɗi. Babbar kyamarar yawancin wayoyi faɗinta tsakanin 24 da 26 ne. Buɗe hotunanka ka duba. In kullum sai ka datse gefe kafin su yi maka daɗi, idonka na 40 ne, ka nemi GR IIIx.

In kuɗin bai kai ba, Sony a6000 ta 2014 tana nan tokumbo, ka ɗaura mata siririn lensi na 20, ya ba ka faɗin 30. Ko wacce ka tsayar, kada ka biya sai ka ɗauki hoton farin bango a f/16 ka faɗaɗa shi, nan ɗigon ƙura ke tona kansa, sannan ka haska tocilar waya cikin lensin ka leƙa. Ku masu gyaran waya ba sai an koya muku duba kayan hannu ba.

TAMBAYA: Baba mai hoto, ina karatu a Yaba. Yayana ya bar mini Canon ɗinsa da lensi na 50, ya ce da shi manyan masu hoton titi suke aiki. Amma in na shiga kasuwa kan mutum kawai nake samu, wani lokacin ma rabin kai. Ga shi hotunan suna fitowa dishi-dishi in mutum yana tafiya. Laifina ne ko na kyamarar? Daga wata ɗaliba, Yaba.

AMSA: 'Yata, yayanki bai yi ƙarya ba. Henri Cartier-Bresson na Faransa da 50 ya yi yawancin aikinsa, amma a kan Leica mai fim. Ƙananan Canon na masu koyo sensarsu ba ta kai fim ɗin faɗi ba, don haka duk lambar da ke jikin lensi sai ki ninka ta da 1.6. Naki na 50 yana gani ne kamar 80, shi ya sa yake matse ki. A Sony da Fujifilm da Nikon irin waɗannan ana ninkawa da 1.5, a ƙananan Olympus da Panasonic kuma da 2.

Maganin ba tsada. Canon suna da wani falalen lensi, EF-S 24mm f/2.8, nauyinsa giram 125. Zai ba ki faɗin kusan 38, kuma kyamarar za ta shige jakar hannu ba ta turo baki ba.

Dishi-dishin kuwa daga saurin ƙiftawa ne. Da rana ki sa shi a 1/500 na daƙiƙa, ƙofar haske a f/8, ki bar ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, ya zaɓi kansa. Akwai tsohuwar dabara da nake so ki koya: ki kashe saitin da lensi ke nemo nisa da kansa, ki tsayar da lensin a nisan mita 3 ki bar shi. A f/8, daga kamar mita ɗaya da rabi zuwa can tsallaken titi komai zai fito tas, ba jiran kyamara ta nemo fuska. Masu Ricoh suna da wannan a maɓalli guda, su a mita 2 suke tsayarwa. Ki kuma kula da ranar Legas, daga sha ɗaya zuwa uku a tsakar ka take, hula da ɗankwali suna jefa inuwa a fuska, farar riga kuma tana ruɗar kyamara ta duhunta mutum. Ƙara haske kaɗan da hannunki. Da dare wurin masu tsire a Obalende, buɗe ƙofar duka, ki sauko 1/125, ki bar filasha a kashe, fitilarsu da garwashin sun isa.

Kada ki sayar da na 50 ɗin. Marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a garin nan a 2014, tun 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Najeriya har ya tara kusan dubu, yau ana rataye su a manyan gidajen baje kolin duniya. Kitso da lallen matanmu na Agege da Idi-Araba suna nan suna jiran mai ɗauka, kuma ke kina shiga ɗakunan da ni ba ni da ikon leƙawa. Lensin yayanki na wannan aikin ne.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Mil 12, hoto sha'awa ce kawai. Kwanaki na ɗauki masu sauke tumatir, wani ya riƙe mini kyamara sai da na goge. Shin in na sayi wadda ta fi ƙanƙanta zan iya ɗauka ba a sani ba? Daga wani mai karatu, Mil 12.

AMSA: Alhaji, a Legas ba a ɗaukar hoto ba a sani ba. In wanda ka ɗauka bai gan ka ba, na kusa da shi ya gani, kuma ɓoyon ne ke sa a zarge ka. Amfanin ƙaramar kyamara shi ne ba ta firgita mutum, ba wai ta ɓoye ka ba. Mai sauke kaya yana da dalilinsa, wataƙila a gida ya ce musu wani aikin yake yi, ba ya so a gan shi a Facebook da kwando a ka.

Kai da kake ɗan gida ma abin ya zo maka da sauƙi. Fara da shugabannin sashen, ka gaya musu abin da kake yi. Yi sallama, ka tsaya a yi hira kyamarar tana rataye a fili, har a gaji da kallonta. Wanda ka ɗauka ka nuna masa, in ka samu hali ka wanko ka kawo masa, gobe shi zai kira ka. Wanda ya ce a'a, a'a ce, musamman matan aure da masu bara. Mai hoto Akinbode Akinbiyi ya shafe shekaru yana taka titunan garin nan da Rolleiflex, kyamarar da ake riƙewa daidai cibiya ana duban ta daga sama. Ba ƙarama ba ce, amma mai ita ba ya toshe fuskarsa, ana ganin idonsa. In taka tana da allo mai lanƙwasawa, gwada hakan.

Wuraren da gaisuwa ba ta aiki kuwa ka san su: barikin soja irin Dodan, filin jirgin sama, shingen 'yan sanda. Nan ka mayar da ita aljihu.

TAMBAYA: Na ajiye kyamarata a akwati tun farkon damina, da na ɗauko sai na ga wani abu kamar yanar gizo-gizo a cikin lensin. Mene ne? Daga Alaba Rago.

AMSA: Funfuna ce, malam, kuma akwatin ne ya jawo ta. Danshi da duhu da rashin iska take so, Legas kuwa daga Afrilu zuwa Oktoba ba abin da ta fi su. Kai wa mai gyara da wuri, don in ta daɗe tana cinye rufin gilashin, ko an wanke tabon yana nan. Kada ka ɗura masa wani ruwa da kanka, kuma ka raba shi da sauran lensunanka.

Nan gaba ka samo robar abinci mai murfin da ke kamawa gam, ka zuba ƙullin silika a ciki, irin 'yan fakitin da ke zuwa a kwalin sabon takalmi, amma da yawa. In sun sha danshi a gasa su a wuta marar ƙarfi su bushe, a mayar. Jakar fata da cikin kayan sawa ba wurin ajiya ba ne. Ko ba ka da abin ɗauka, fito da ita kowane mako ta sha iska da haske, ka kuma cire batirin in za ta kwana biyu a ajiye.