Kai riɗi Japan daga Dawanau: ta ina ake farawa?

Malam, tambayarka ita ce ko ɗan kasuwar Dawanau zai iya kai riɗi Japan da kansa, ba ta hannun dillalai ba. Zai iya. Kusan duk riɗin da Japan ke ci shigo da shi take yi, kuma Najeriya na cikin manyan masu kai mata.

Fara da rajistar kamfani, sai shaidar NEPC, wato hukumar bunƙasa fitar da kaya ƙetare, fom ɗin fitar da kaya na NXP a bankinka, da takardar lafiyar amfanin gona daga NAQS, hukumar da ke duba amfanin gonar da ke shiga ko fita ƙasa. Kuɗin cinikin kuma dole su dawo ta banki cikin kwana 180.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne inganci. Japanawa na gwada ragowar maganin ƙwari da gubar afalatoksin, wadda fumfuna ke haifarwa. Buhun da aka zuba wa fiya-fiya a sito, ko wanda ya sha danshi, ya isa ya sa a ƙi karɓar kwantena guda bayan ta yi makonni a teku. Tura samfur ɗakin gwaji kafin lodi, kada ka dogara da tankaɗe da duban ido.

Batun biya kuwa, kada ka saki kaya a kan alkawarin baki. Zauna da jami'in cinikin ƙetare na bankinka, lauya ya karanta kwangilar.