Cajin agogo na ƙarewa kafin azahar

Kana tambayar me ya sa Apple Watch ɗinka mai layi, da yake kai ka dare, yanzu kafin azahar ya mutu. Mai yiwuwa rabuwa ya yi da wayarka, ya koma jan sabis da kansa. Duba Bluetooth ɗin wayar, in a kashe yake ka kunna. Sannan ka kashe sabis ɗin layin agogon a saitinsa na yini guda. In caji ya kai dare, ka kama ɓarawon.

Bluetooth kaɗan yake sha, amma inda sabis ba ƙarfi, agogon laluben eriya yake ta yi har bayansa ya ɗau ɗumi. Sai dai in kwanan nan ka sabunta manhajarsa, ba shi kwana 2 ya daidaita tukuna. In kuwa lafiyar batirin, wato ƙarfin riƙe cajinsa, ta sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100, sai canjin batiri.