Me Ya Sa Kan Babur Yake Rawa Idan An Ba Shi Wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da babur Boxer, shekarata uku ina hawansa, kusan kullum ina bin titin Wudil zuwa Kano. Wata biyu ke nan, da na kai gudun kilomita 70 sai kansa ya kama rawa dama da hagu kamar zai ƙwace daga hannuna. Abin ya fi tsanani ranar da na ɗauro buhu a kariya, ko in na saki hannu ɗaya ina rage wuta. Na kai wa makanike ya ƙara ɗaure notin wuya, na samu sauƙi na mako biyu, yanzu abin ya dawo, har ma babur ɗin ba ya miƙewa sosai ko a ƙaramin gudu. Don Allah ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ƙara tsarewa. Kafin komai ina roƙonka ka daina kai babur ɗin nan gudun 70 har sai an gano ciwonsa. Titin da kake bi na manyan motoci ne, kuma rawar kai ba ta sallama kafin ta kayar da mutum.

Bari in fara da yadda aka gina gaban babur, don ka fahimci abin da za ka nema. In ka tsaya a gefe ka kalli shokozoba na gaba, za ka ga a karkace suke. Idan ka ja layi ta cikin wuyan babur har ƙasa, layin zai sauka a gaban wurin da taya ta taɓa ƙasa, da tazarar kamar santimita 8 zuwa 10 a yawancin baburan titi. Wannan 'yar tazara ce ke sa taya ta riƙa bin bayan wuya tana miƙe kanta, kamar ƙananan tayoyin gadon asibiti. Duk wanda ya taɓa tura irin gadon nan da sauri ya ga yadda tayar ke karkarwa. To haka kan babur yake yi: wani abu ya ture tayar gefe, ta dawo da ƙarfi ta wuce tsakiya, ta sake dawowa. A lafiyayyen babur wannan motsi yana mutuwa nan take, ba ka ma jinsa. In akwai sako-sako a wani wuri, sai motsin ya riƙa ciyar da kansa yana girma.

Tun 1971 wani injiniya ɗan Ingila, Robin Sharp, ya nuna da lissafi cewa rawar babur ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta kai, mai sauri, wadda hannun babur ke kaɗawa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, ita ce taka. Akwai kuma ta jiki duka, mai nauyi, inda bayan babur ke lanƙwasa kamar tafiyar maciji, wadda ta fi kama manyan babura a gudu mai tsanani. Ta kai ta fi son fitowa daidai inda ka faɗa, tsakanin 60 da 80, musamman lokacin rage wuta da sassauta riƙo.

Yanzu ga maganar notin wuya. Abin da makaniken ya yi shi ne abin da aka fi yi, kuma na daɗe ina faɗa da wannan ɗabi'a. Idan aka matse notin fiye da kima, kan babur yana yin tauri, taurin ya danne rawar na ɗan lokaci. Amma ƙwallayen boris ɗin wuya suna danna kofinsu da ƙarfi, kowane rami ka faɗa sai su huda ƙaramin gurbi a jikin ƙarfen, daidai tsakiya inda kai ya fi zama. Daga nan kan babur ya riƙa maƙalewa a gurbin, ba ya iya gyara kansa a hankali, sai ya riƙa yawo a hanya. Rashin miƙewar da kake ji a ƙaramin gudu, ina kyautata zaton daga nan ya fito. Wato yanzu ciwo biyu gare ka, na asali da wanda maganin ya haifar.

Gwajin wuya ba ya buƙatar kuɗi. Kafe babur a kan babban jak, wani ya zauna a baya har tayar gaba ta bar ƙasa. Juya kan a hankali da yatsa biyu daga wannan gefe zuwa wancan. Ya kamata ya tafi sumul, in ka ɗan ture shi daga tsakiya ya faɗa gefe da nauyinsa. In ka ji ya ɗan tsaya a tsakiya kamar ya shiga rami, boris ya mutu, sai canji, kuma a canza kofuna da ƙwallaye na sama da na ƙasa gaba ɗaya, a cika su da giris. Sannan ka tsuguna a gaba, ka kama ƙasan shokozoba biyu ka ja su gaba da baya. Ƙarar "ƙwas" ko motsi komai ƙanƙantarsa na nufin sako-sako. Ɗaurin da ya dace shi ne inda motsin ya ɓace amma kai bai yi tauri ba.

Sai dai ni da za ka kawo mini babur ɗin nan, ba da wuya zan fara ba. Da taya zan fara, domin a cikin baburan da suka shigo hannuna da wannan ƙorafi, taya da wili sun fi kowa laifi. Babura irin naka suna son iska kusan fam 25 a gaba, 28 a baya in kai kaɗai ne, 32 in da goyo ko kaya. Duba littafin babur ɗinka ka tabbatar. Masu faci da yawa da babban yatsa suke aunawa, wasu kuma gejinsu ya daɗe da lalacewa, don haka ka sayi naka ƙaramin geji ka riƙa aunawa da safe kafin taya ta ɗau zafi. Kada ka sace iska da rana don ka ga ta hau, zafin kwalta ne ya ɗaga ta, in ta huce za ta koma ƙasa da yadda ake so.

Shafa tafin hannunka a kan tayar gaba, ka zagaye ta. In ka ji tudu da kwari kamar haƙoran zarto, tayar ta ci ba daidai ba, kuma irin wannan ita kaɗai ta isa ta sa rawa ko da zanenta bai ƙare ba. Duba gefenta kusa da bakin rim, akwai siririn layi da ya zagaye ta. Tazararsa da rim ta zama ɗaya ko'ina. Inda ya nutse, taya ba ta zauna ba, sai a sace iska, a shafa ruwan sabulu, a sake hurawa. A gefen yawancin tayoyi kuma akwai lambobi huɗu na lokacin da aka yi su: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Tayar da ta haura shekara biyar a zafin ƙasarmu robarta ta bushe. Sannan ka tambayi kanka ko an taɓa saka mata babban faci ko guntun tsohuwar taya a ciki don toshe yanka. Wannan nauyi ne a gefe guda.

Ka yi wannan lissafin tare da ni. Tayar gaba mai lamba 2.75-17 kewayenta kusan mita 1.8 ne. A gudun kilomita 70 tana juyawa kusan sau 11 cikin daƙiƙa ɗaya. Ke nan duk wani lanƙwasa a rim, ko nauyin faci, yana naushin kan babur sau 11 kowace daƙiƙa. Shi ya sa abin da ba ka ji a cikin gari yake zama bala'i a babban titi. Yayin da tayar ke sama, riƙe alli ko fensir a jikin shokozoba, bakinsa dab da gefen rim, ka juya wili. In rim yana matsowa yana ja da baya fiye da milimita 2, yana buƙatar saiti. In wilinka mai wayoyi ne, bi su ɗaya bayan ɗaya kana bugawa da sifana. Mai ɗauri tana ƙara siririya, mai sako-sako tana amsawa a dushe. Kada ka ɗaure su da kanka yadda ka ga dama, kai wa mai saitin wili, aikinsa ne. Wilin da aka zuba na alminiyam kuwa in ya lanƙwashe ko ya tsage, ban yarda da bugunsa da guduma ba, a canza shi. Kafin ka sauke babur, kama tayar sama da ƙasa ka girgiza ta gefe da gefe, motsi a nan na boris ɗin wili ne.

Shokozoba na gaba ba su da wahalar dubawa: mai na tsiyaya a jikinsu? In ɗaya ya zubar da mansa ɗaya na cike, ba za su yi aiki tare ba. A zuba mai iri ɗaya, awo ɗaya a kowanne. In babur ya taɓa karo ko faɗawa babban rami, a zare ƙarafan a mirgina su a kan gilashi, mai lanƙwasa zai nuna kansa.

Maganar buhu da ka yi ita ce ta fi jan hankalina, domin mutane ba sa yarda cewa ciwon kai na iya tasowa daga baya. Duk nauyin da ya zauna a bayan tsakiyar wilin baya yana ɗaga gaba, kamar yadda jaki ke ɗagawa sama in an cika bayan amalanke da kaya. Tayar gaba ta rasa nauyin da ke manna ta da ƙasa, sai ƙaramin abu ya kaɗa ta. Doguwar kariyar da ake ƙarawa a wurin masu walda tana ƙara dagula lamarin. In shokozoba na baya sun gaji, baya ya ƙara zama ƙasa, gaba ya ƙara sauƙi. Ja kayan zuwa gaba su hau kujera iya yadda zai yiwu, ka ɗaure su tamau kada su yi lilo, ka ƙara taurin shokozoba na baya a matakalarsu, duka biyun a mataki ɗaya. Akwai wani mai kai kayan gwari da ya canza tayar gaba da boris ɗin wuya bai samu sauƙi ba. Da ya kawo mini, na kama wilin baya na tura gefe, sai ga shi yana motsi: bushin ɗin ƙarfen da ke riƙe wilin baya ne ya cinye. Kai ma ka yi wannan gwaji. Ka kuma duba alamomin da ke wurin jan sarƙa dama da hagu, su zama daidai da juna, domin in an ja gefe ɗaya fiye da ɗaya, tayar baya ba ta bin sawun ta gaba.

Wani zai ce maka ka sa irin ƙaramin shokozoban nan da ake ɗaura wa kan manyan baburan tsere don hana rawa. A babur irin naka ba ka buƙatarsa, zai rufe alamar ne kawai kamar yadda matse noti ya yi.

In rawar ta kama ka a hanya kafin a gyara, kada ka damƙi birkin gaba, kada kuma ka sandare hannu kana kokawa da kan, ƙarfin hannunka zai watsa rawar cikin jikin babur duka. Matse tanki da gwiwoyinka, sassauta riƙo ba tare da ka saki ba, sunkuyo gaba, ka rage totur a hankali. In dole sai birki, ɗan taɓa na baya kaɗan. Da ya lafa ka gangara gefe ka duba. Hular kwano kuma kada ta bar kanka.

Idan za ka koma gareji, ka ce a fara da iska da taya da wili, sannan wuya, sannan baya. Duk abin da aka gyara, ka gwada shi kaɗai a hanyar da babu cunkoso, babu kaya, kana ƙara gudu kaɗan-kaɗan daga 40, hannu biyu a kan babur. In an bi duk waɗannan rawar ba ta tafi ba, kuma babur ɗin ya taɓa haɗari, to a auna firam ɗin da zare daga tayar baya zuwa ta gaba, mai yiwuwa ya karkace.