Ɗana, ga amsar tambayarka kan zuwa New York

Salamu alaikum. Saƙonka ya iso, na saurare shi sau biyu ina cikin mota ina jiran fasinja. Ka ce aiki zai kawo ka New York kwana shida, an kama muku otal a Manhattan, kana tambaya ko abin kunya ne ka sauka can ba gidana ba, kuma ko dole ne ka bi dangi gida-gida da gaisuwa alhali ranka na son ganin gari. Ka kuma maƙala zancen tsaraba a ƙarshe.

Ka sauka otal ɗinka. Mahaifiyarka za ta ce Kawu ya zama Bature, bar ni da ita, ƙanwata ce. A gida baƙo na sauka wurin nasa saboda akwai zaure, akwai ɗakin baƙi, akwai yaran aike. Mu nan Bronx ɗaki biyu ne da falo a hawa na huɗu, mu shida. In ka zo za mu tashi yara mu ba ka gado, ba wanda zai nuna maka a fuska, amma kai ma za ka ji nauyi. Abin kunyar shi ne a ji labarin zuwanka a bakin wani bayan ka koma. Wannan kam ba a yafe shi da wuri.

Gaisuwa ba ta faɗi ba, salonta ne ya canza. Nan ba a faɗo wa mutum gida da sallama kawai, sai an buga waya. Wani aikin dare yake yi, ƙarfe goman safe shi ne tsakar darensa. Dabarar ita ce Juma'a. Ka shigo jirgin ƙasa ka same ni, mu yi salla a masallacin da mutanenmu ke taruwa: 'yan zangon Kumasi da Nima na ƙasar Ghana, 'yan Nijar, da mu 'yan Najeriya. Ana sallamewa, a bakin ƙofa za ka gaida mutanen da in gida-gida ne sai ka yi mako. Ka rusuna wa dattawa kamar a gida, ka faɗi ɗan wane ne kai. Daga nan mu wuce gida, gwaggonka ta tuƙa tuwo. Ka sauke nauyi ke nan, sauran kwanakin naka ne.

Tsaraba kuwa, kada ka ɗauko kilishi ko dambun nama. Doka ta hana shigo da irin wannan nama, karɓewa za a yi a filin jirgi, in ka ɓoye aka gano kuma tara ce. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji su muke kewa. Ko su ɗin ma ka faɗa cewa kana ɗauke da kayan abinci, jami'i ya duba ya yanke hukunci. Idan yana maka tambaya ka dube shi a ido. Sunkuyar da kai da muka koya muku ladabi ne a wurinmu, su kuwa sai su ɗauka kana ɓoye wani abu.

Yanzu ganin gari. Fara da ruwa, don garin tsibirai ne, Bronx ɗinmu kaɗai ke manne da tudu. Ka gangara ƙarshen Manhattan ta kudu ka hau jirgin fito na Staten Island. Kyauta ne, dare da rana, minti 25 ya kai ka. Wasu za su tare ka a hanya da tikiti a hannu, ka wuce abinka. Ka tsaya ɓangaren dama wajen tafiya, za ka ga Mutum-mutumin 'Yanci da Faransa ta ba Amurka aka ƙaddamar a 1886, jan ƙarfe ne iska da ruwa suka mayar da shi kore. In kana son taka tsibirinsa sai jirgin kuɗi daga Battery Park, wanda ke biyawa Ellis Island, ƙofar da baƙi sama da miliyan 12 suka shigo ƙasar tsakanin 1892 da 1954. Ni na fi son na kyautar, da la'asar sakaliya, lokacin da rana ke dukan gilasan benaye.

Akwai wurin da ba na barin baƙona ya koma bai gani ba, kuma ba ya cikin hotunan da kuke turo wa juna. Tafiyar ƙafa ce daga tashar jirgin fiton, kusa da titin Broadway: tsohuwar maƙabartar baƙar fata. A 1991 ana haƙa harsashin ginin gwamnati aka ci karo da ƙasusuwa. An tono na mutum 419, ana kuma ƙiyasin kusan 15,000 aka binne a filin, bayi da 'yantattu, tun garin yana hannun Turawan mulki. Cikinsu akwai wata mata da aka samu da jigida a ƙugunta, da ƙwayoyin wuri, irin na kuɗin dā, a jikin jigidar. Ranar da na fara karanta wannan, kakarka ce ta faɗo mini a rai. An mayar da su ƙasa a 2003. Ka shiga kamar yadda ake shiga maƙabarta, murya ƙasa, waya a aljihu. Haka ma wurin tunawa da harin 11 ga Satumba, tafkuna biyu a gurbin tagwayen benayen da suka rushe, sunaye kusan 3,000 a gefensu. 'Yan'uwan mamatan na zuwa, ba wurin washe baki a hoto ba ne.

Gadar Brooklyn, tun 1883 take tsaye, ka taka ta da ƙafa da sassafe kafin cunkoso. Times Square sau ɗaya da dare ya isa, fitilu ne da hayaniya; masu shigar dodanni in suka rungume ka aka ɗau hoto, kuɗi za su nema. Harlem ta fi mini daɗi: titi na 116, masallacin Malcolm Shabazz mai koriyar ƙubba, kasuwar da ke kusa da shi cike da atamfa da shadda, ga gidajen abincin 'yan Senegal.

Saura tukwici, abin da ke ba baƙinmu kunya. A gida tukwici ganin dama ne, nan kusan haƙƙi ne. In ka zauna a gidan abinci aka kawo maka, ka ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, don albashin masu hidimar an gina shi ne a kan za a ba su. Direban tasi ma haka, kuma ba don sana'ata ce na faɗa ba. Farashin da ka gani a kanti ba shi za ka biya ba, akwai haraji kusan kashi 9 a kan yawancin kaya, kada ka tsaya gardama. In aljihu ya yi sanyi, ga masu amalanken halal a bakin titi, shinkafa da kaza, ka ci ka ƙoshi.

A jirgin ƙasa kada ka yi sallama ga jama'a, kada ka ƙura wa kowa ido, kada ka taɓa ɗan wani ko da wasa kake. In za ka ɗaga kai kallon bene, matsa gefe, mutanen nan kullum kamar an biyo su.

Turo mini ranar saukarka da lambar jirgi, ni zan ɗauko ka. Ka gaya wa mahaifiyarka kukar ta zama ta bana, waccan da ta aiko ta sha iska.